Raunin gaba ga tsohon sojan Amurka: akwai amfanin nema idan sifiri za su rubuta?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ku gafarce ni, maganar da na kawo mai nauyi ce, amma dole a yi ta. Akwai wani yayanmu da ya yi aikin soja a nan Amurka, ya ajiye kaki shekarun baya. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tana biyansa diyya kan ciwon firgicin yaƙi da ake kira PTSD kashi 50 a ma'aunin naƙasa, da hawan jini kashi 10. Yana shan sertraline, maganin PTSD ɗin, da wani maganin hawan jini. Tun da aka ɗora shi a kan magungunan nan gabansa ya yi rauni, har abin ya fara taɓa zaman iyalinsa. Bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa likita ba, sai dai ya sa a aiko masa da maganin maza daga gida.

Wani ya ce masa VA na biyan irin wannan lalura. Wani kuma ya ce wahalar banza ce, domin kashi sifiri ake rubutawa. Wanne ne gaskiya? In akwai amfani, daga ina zai fara, wane fom zai cike, wace hujja ake so? In kuma aka ƙi shi, ina zai nufa?

Sajan Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Duka biyun babu wanda ya yi ƙarya, kowa dai rabin zancen ya kawo.

A jadawalin da VA ke auna lalurori da shi, raunin gaba yana ƙarƙashin lamba 7522, kuma tun daga 14 ga Nuwamba 2021 kashi sifiri ne, ko siffar gaban ta canja ko ba ta canja ba. Kafin wannan rana ana ba da kashi 20 idan rashin ƙarfin ya haɗu da naƙasar siffa, shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin rubuce-rubuce suna ambaton 20. Kada ya ɗora ransa a kai. Lambobin da ke da kashi a wannan ɓangare na wanda ya rasa wani sashe ne: 7520, an yanke rabin azzakari ko fiye, kashi 30, 7521, an cire kansa, kashi 20, 7523, 'ya'yan maraina biyu sun shanye gaba ɗaya, kashi 20, 7524, an cire su duka biyu, kashi 30. Waɗannan sun fi shafar wanda bam ya tashi da shi ko aka yi wa tiyata, ba yayanku ba.

To ina amfanin sifirin? Sifirin nan shaida ce cewa gwamnati ta amince lalurar tana da nasaba da aikin soja, kuma wannan amincewar ce ke buɗe wani kuɗi na daban da ake kira SMC-K. Alawus ne na musamman ga wanda ya rasa wata gaɓa ko amfaninta, kuma gaɓar haihuwa tana ciki. Daga Disamba 2023 dala 132.74 ne a wata, daga Disamba 2024 ya koma dala 136.06, kuma yana bin ƙarin tsadar rayuwa da ake yi a watan Disamba. A shekara ya haura dala 1,600, babu haraji a kai. Ba ya shiga lissafin kashi-kashi. Yayanku mai 50 da 10, a lissafin VA, da ke ɗaukar kashi 10 na 50 ɗin da ya rage, 55 ke nan, a zagaye shi zuwa 60. Sifirin ba zai motsa 60 ɗin ba, amma SMC-K za a ɗora shi a kai. Ko mai kashi 100 ana ƙara masa.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne hanyar shiga. Hanya biyu ce. Ta farko, ka nuna lalurar ta fara tun kana cikin kaki, kuma wannan sai da takardun asibitin soja. Saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai ba kasafai yake kai irin wannan ƙara asibitin bariki ba, saboda haka fayil ɗin yawanci wayam yake. Ta biyu ita ce ta sashe na 3.310 na dokokin VA: lalurar da wata lalura da aka riga aka amince da ita ta haifar, ko ta tsananta. Maganin da ake sha domin lalurar da aka amince da ita shi ma yana cikin wannan. Hanyar yayanku ke nan. Idan ya rubuta sunan ciwon kawai a fom bai ce komai ba, ana iya buɗe takardunsa na soja, a ga babu ambato, a ce babu nasaba. Ya rubuta ƙarara cewa raunin gaba ne sakamakon PTSD da maganinsa, da hawan jini da maganinsa. Ya jera su duka, kada ya zaɓi ɗaya, domin likitan da za a tura wa fayil tambayar da aka yi masa kaɗai yake amsawa.

Abin da zai fara yi, tun yau ba gobe ba, ya shigar da fom 21-0966, na bayyana niyyar nema. Wannan yana riƙe masa kwanan wata na tsawon shekara guda yayin da yake tattara hujja, kuma in an amince daga wannan ranar za a lissafa ariyas ɗinsa, sai dai biyan yana farawa ne daga ɗaya ga watan da ya biyo baya. Sannan ya ga likita. Sannan ya cike 21-526EZ, shi ne ainihin fom ɗin nema. In yana zuwa asibitin kuɗi, ya sa hannu a 21-4142 da 21-4142a domin VA ta karɓo takardunsa daga can, ko da yake ya fi sauri ya karɓo da kansa ya loda. Bayaninsa na kansa a 21-4138. Kuma ya naɗa wakili daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV ko VFW ko American Legion da fom 21-22. Kyauta suke yi, ko sisi ba sa karɓa.

Malamin Asibiti:

Yallaɓai Sajan ya share hanya. Ni ɓangaren asibiti zan taɓa, domin a labarin nan babbar matsalar ba fom ba ce. Babu likitan da ya taɓa rubuta cewa mutumin nan yana da wannan lalura. Abin da ba ya cikin fayil, a wurin VA babu shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, Baban Hanifa: shi da kansa zai zauna gaban likita ya faɗa, ba ƙane ba. In fuska da fuska ta yi masa nauyi, ya fara da tura wa likitansa saƙo ta shafin marasa lafiya na VA, ya nemi a duba shi.

Likita zai nemi gwajin suga na wata uku, wato HbA1c, da kitsen jini, da sinadarin maza na testosteron. Wannan na ƙarshe da safe ake ɗibar jininsa, domin yana sauka da rana, kuma in ya fito ƙasa ana maimaitawa kafin a yanke hukunci. Gwaje-gwajen nan ba don diyya kaɗai ba ne. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya siranta, sau da yawa su ke fara nuna toshewa kafin zuciya ta yi magana.

Game da sanadi, sertraline da ɗan'uwansa paroxetine su ne magunguna biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su domin PTSD, kuma dukansu an san suna rage sha'awa, suna jinkirta kawowa, suna raunana tashi. A magungunan hawan jini, waɗanda aka fi zargi su ne masu sa fitsari irin hydrochlorothiazide, da masu rage bugun zuciya irin atenolol da metoprolol. Shi kansa hawan jinin yana ɓata cikin jijiyoyi. PTSD ɗin ma, ko babu magani, yana hana jiki sakewa. Saboda haka a duba kwalbar a ga wane maganin hawan jini ne, domin ba duka ne ke da wannan illa ba.

Hujjar da mutane ke rainawa, alhali tana da ƙarfi, ita ce tarihin karɓar magani. Ya sauke shi daga shafinsa na VA, ya fitar da ranar da aka fara ba shi sertraline, da ranar da aka ƙara masa yawa, misali daga miligiram 50 zuwa 100, ya jera su gefe da lokacin da raunin ya fara da lokacin da ya tsananta. Idan kwanakin suka bi juna, likita ya sami abin kamawa.

Gargaɗi biyu. Kada ya daina shan sertraline da kansa don ya gwada, yankewa farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Likita na iya rage masa ko canja masa. Na biyu, ya faɗa wa likita maganin da ake aiko masa. Hukumar magungunan Amurka ta sha gano sildenafil, maganin raunin gaba da likita ke rubutawa, a ɓoye cikin kayan ƙarin ƙarfin maza da ake sayarwa da sunan na ganye ne. Idan aka haɗa shi da maganin ciwon ƙirji irin nitroglycerin, jini na iya faɗuwa har a rasa rai.

Sai takardar da likita zai rubuta ta danganta lalurar da sanadinta. Takarda mai layi biyu ba ta da nauyi, ko da farfesa ne ya sa hannu. Dole ta nuna ya karanta fayil ɗin, ta ambaci ciwon, ta ce yiwuwar alaƙar ta kai aƙalla kashi 50 cikin 100, sannan ta kawo dalili. Ma'aunin ke nan, domin doka ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki tsohon soja ake ba gaskiya. In likita ya rubuta "wataƙila" ko "tana iya yiwuwa", za a ce hasashe ne a ajiye ta gefe. Kuma ya fuskanci sauran dalilan da za a iya kawowa, shekaru, ƙiba, shan taba, ya faɗi abin da ya sa ba su kaɗai ba ne. Ya yi magana daban a kan tsanantawa: ko da a ce wani abu ne ya fara kawo raunin, shin maganin ya ƙara shi, kuma yaya yake kafin nan?

Bayan ya shigar, za a kira shi gwajin tantancewa, galibi a wurin wani likitan kwangila. Tambayoyi ne suka fi yawa: yaushe ya fara, wane magani kake sha, kana iya saduwa ko ba ka iyawa. Yana da damar cewa ba ya so a duba jikinsa, akwai gurbin haka a takardar, sai dai in akwai lanƙwasa ko tabo gara ya bari a gani. Abin da nake tsoro a nan ɗabi'armu ce. Ana tambayar Bahaushe jiki sai ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", likita kuwa ya rubuta da sauƙi. Ya gode wa Allah a zuciyarsa, ya faɗi abin da ke akwai, ba ƙari ba ragi. In an ba shi sildenafil yana ɗan taimakawa, ya faɗa, wannan ba ya hana SMC-K. Kuma kada ya ƙi zuwa. In ranar ba ta yi masa ba ya kira a sauya tun kafin ta zo.

Baban Hanifa:

Allah ya saka da alheri, Yallaɓai Sajan da Malam. Na tura masa, ya ce maganin hawan jinin hydrochlorothiazide ne. Saura biyu: in likitansa bai yarda ya rubuta takardar ba fa? Kuma har yanzu ban ji batun ɗaukaka ƙara ba.

Mai Bin Fayil:

Malam Baban Hanifa, takardar likita ta waje ba sharaɗi ba ce. In akwai ciwon a rubuce, ga kuma alamar alaƙa, ko da layi ɗaya ne a fayil da ke cewa ana zargin illar magani ce, nauyi ne a kan VA ta nemi ra'ayin likita da kuɗinta. Ni a ganina ya fara shigarwa haka, ya adana kuɗin likitan waje sai in an ƙi, domin a lokacin ne zai san ainihin abin da takardar za ta rusa.

In takardar ƙi ta zo, kada ya tsaya a shafin farko. A ciki akwai jerin abubuwan da aka amince da su, misali cewa yana da ciwon, kuma PTSD ɗinsa na aikin soja ne. Waɗannan sun zauna, masu duba ƙara na gaba ba sa warware su sai in an sami kuskure bayyananne. Sannan akwai dalilin ƙi. Ya nemi kwafin rahoton likitan tantancewa da fom 20-10206, ko wakilinsa ya duba masa, domin kusan kullum a nan matsalar take.

Tun 19 ga Fabrairu 2019 ƙofa uku ce, kuma dalilin ƙi ne ke zaɓa maka, ba zafin rai ba.

Fom 20-0996 na neman babban jami'i ya sake duba fayil ne. Ba a karɓar sabuwar hujja ko ɗaya, abin da ke ciki ranar hukunci shi za a duba. Akwai gurbi a fom ɗin na neman a kira ka ta waya ka nuna inda kuskuren yake, ya cike shi. Wannan ƙofa ta dace in likitan ya amsa tambayar "ya haifar?" ya tsallake "ya tsananta?", ko ya yi magana kan PTSD ya manta da sertraline, ko ya ce tsufa ne ba tare da dalili ba. Irin wannan rahoto bai cika ba, kuma jami'in na iya mayar da fayil a sake gwaji. Haka nan in an amince da sifiri aka manta da SMC-K, nan za a kai, domin ba sai an roƙe shi daban ba, hujja ce ke jawo shi. Masu ciwon suga su lura da wannan musamman: raunin gaba da ba shi da kashi ana cusa shi ne cikin layin ciwon sugan, sai mutum ya zaci an biya komai. A duba ko SMC-K ɗin ya fito a takardar.

Fom 20-0995 kuwa na wanda ke da sabuwar hujja ne mai alaƙa da dalilin ƙi. In an ce babu ciwon a rubuce, ka kawo rahoton likitan mafitsara. In an ce babu alaƙa, ka kawo takardar da Malam ya siffanta. Sake tura tsofaffin takardu ba sabuwar hujja ba ce. A nan in aka kira gwaji ka ƙi zuwa babu uzuri, ana iya ƙin buƙatar kai tsaye. Waɗannan ƙofofi biyu burin VA shi ne ta kammala su cikin kwana 125 a matsakaici.

Ta uku, fom 10182, zuwa hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washinton, inda alƙali ke dubawa. Layi uku ne a can: duba kai tsaye ba sabuwar hujja, wanda burinsa kwana 365 ne, layin ƙara hujja cikin kwana 90 da shigar da fom, da layin zama gaban alƙali, wanda ya fi kowanne daɗewa. A kan kuɗin SMC-K kaɗai ban ga hikimar fara tsalle zuwa can ba, sai in ƙofofin farko sun gaza. In hukumar ma ta ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, kuma wa'adinta kwana 120 ne kacal.

Wa'adin sauran shekara guda ne daga ranar da ke kan takardar hukunci, ba ranar da ya buɗe ambulan ba. Muddin kowane mataki ya biyo na baya cikin shekara, kwanan watan farko yana nan. In an yi wata 18 ana bugawa sannan aka amince, ariyas ya kusa dala 2,450 a ƙimar Disamba 2024. In ya bari shekara ta wuce, zai iya shigar da 20-0995, amma lissafi daga sabuwar ranar zai fara.

Lauya ba shi da izinin cajin kuɗi a kan nema na farko, sai bayan an yi hukunci, kuma kashi 20 na ariyas shi ne abin da aka saba. Duk kamfanin da ya ce a biya shi ninkin ƙarin da aka samu a diyyar wata-wata, a nemi sunansa a jerin waɗanda VA ta tantance kafin a sa hannu a komai.

Maman Sadiƙ:

Malamai sun yi bayani, amma an bar uwargida a baya, alhali ita ce shaidar da ta fi kowa sani. Akwai fom 21-10210 na shaidar wanda ba likita ba. Ba a so ta ce magani kaza ne ya jawo, wannan aikin likita ne, in ta faɗa ma ba za a ɗauka ba. Abin da ta gani za ta rubuta: shekarar aurensu, cewa kafin lokaci kaza babu matsala, daga wajen wata kaza abin ya canja, kuma ya ci gaba har yau. Layi goma sun isa, ba sai ta shiga abin da zai ba ta kunya ba. Ta sa hannu da kwanan wata. Sai dai kwanakinta su dace da nasa, domin saɓani tsakanin takardun biyu shi ake fara kamawa.

Kuma tunda da yawa daga cikin mazanmu burinsu su koma gida in girma ya kama, ga wani amfanin sifirin. Diyyar VA ba ta tsayawa don mutum ya koma Kano ko Yamai ko Kumasi. Akwai kuma shirin kula da lafiya a ƙasashen waje, FMP, da ake rajistarsa da fom 10-7959f-1, wanda ke biyan kuɗin jinyar lalurorin da aka amince suna da nasaba da aikin soja. Lalurar da ba ta cikin jerin, galibi daga aljihunsa zai biya. Gara ya kammala neman da gwajin tun yana nan Amurka, inda likitansa da takardun maganinsa suke kusa, kuma ya sabunta adireshinsa kafin ya tashi, domin wa'adin shekara guda ba ya jiran wasiƙar da ta tafi tsohon gida.